Kasuwar hasashe kan kasafin kuɗin Amurka: na duba, ban zuba ba

Wani ƙanena mai sayar da wayoyi a babbar kasuwar Maraɗi ne ya buɗe mini wani dandalin intanet a wayarsa, irin su Kalshi da Polymarket, inda mutane ke sayen amsar "e" ko "a'a" kan tambayar ko gwamnatin Amurka za ta daidaita kasafin kuɗinta, wato abin da take kashewa ya yi daidai da abin da take tarawa. Duk wanda amsarsa ta tabbata yana karɓar dala 1 a kan kowane hannun jari, saboda haka farashin yana nuna yadda masu saye ke auna yiwuwar lamarin.

Abin da ya burge ni shi ne farashin ba ya jin kunyar kowa, kamar yadda kuɗin tiyar gero ke tona asirin damina tun kafin hukuma ta yi magana. Amurka ba ta sake samun rarar kasafi ba tun 2001, kuma na tarar "e" ta yi arha ƙwarai duk da alkawuran 'yan siyasa.

Sai dai sharuɗɗan da Ingilishi suke, kuma dole mai karatu ya lura cewa shekarar kasafin Amurka tana ƙarewa ran 30 ga Satumba. Ban zuba ko sefa ɗaya ba, domin a fahimtata wannan caca ce, amma ina ci gaba da duba farashin kowane mako.