Sharhi Kan Garmin G5 Bayan Shekara Guda a Tsohuwar Cessna 172

Mu uku muka haɗa kuɗi muka sayi jirgi ƙirar Cessna 172M na shekarar 1975, mai kujeru huɗu da injin Lycoming mai ƙarfin doki 150, muna ajiye shi a wani ƙaramin filin jirgi a jihar Ohayo ta Amurka. Da maganar gyara ta taso, kowa da inda ransa ya karkata: ɗayanmu sabon fenti yake so, ɗayan kujerun fata, ni kuwa hankalina yana kan allon agogunan da ke gaban matuƙi, domin shi nake kallo idan gajimare ya rufe ƙasa.

Tsofaffin agogunan nan biyu, mai nuna karkatar jirgi da mai nuna alƙibla, da famfon zuƙar iska suke aiki, wanda injin ke juyawa. Illar wannan famfo ita ce ba ya sallama kafin ya mutu, kuma idan ya mutu agogon ba ya tsayawa nan take, sai ya riƙa kwantawa sannu a hankali, har matuƙi ya bi shi ya karkatar da jirgin yana zaton daidai yake tafiya. Sau ɗaya hakan ta same ni, cikin ikon Allah da rana tsaka sararin sama garau, amma tun daga ranar na daina jayayya kan fenti.

Muka sa Garmin G5 guda biyu, wato agogunan lantarki masu fuskar gilashi da ba sa buƙatar famfon, kowanne ya zauna cikin ramin tsohon agogo ba tare da an yanka allon ba. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne batirin da ke jikin kowanne, wanda kamfanin ya ce yana iya kai wa awa huɗu idan wutar jirgi ta ɗauke, sannan idan na sama ya samu matsala na ƙasa yana iya ɗaukar aikinsa. Rubutun yana fitowa sarai ko da rana ta haske shi. Da maɓallin murɗawa ake sarrafa shi, ba da shafa fuska ba, kuma duk wanda iskar bazara ta taɓa jijjiga shi yana ƙoƙarin dangwala yatsa a gilashi ya san amfanin haka. An cire famfon da bututunsa gaba ɗaya, jirgin ya ɗan rage nauyi, aka sake lissafin nauyi da daidaito.

Na'urar sanar da matsayin jirgi, wato ADS-B, ba zaɓi ba ce a wurinmu, tunda daga 1 ga Janairun 2020 hukumar FAA mai kula da sufurin jiragen sama a Amurka ta wajabta ta a sararin manyan filayen jirgi. Mun ɗauki GTX 345, wadda ke aiki a kan mita 1090 kuma take nuna mana jiragen da ke kusa da rahoton yanayi. Fitilun sauka na LED ma mun sa, ba su da wani dogon labari.

Inda lissafinmu ya kuskure shi ne kuɗin aiki. Mun ƙirga farashin na'urori, muka manta cewa sai an kafa ma'aunin maganaɗisu, wanda G5 ke gane alƙibla da shi, nesa da ƙarafa da wayoyin wuta, an ja waya zuwa gare shi, an gwada, an cike takardun hukuma. Garejin da ya yi mana aikin ya ce mako biyu, jirgin ya kwana wata ɗaya da rabi a wurinsu, saboda da suka buɗe bayan allon sun tarar da tsofaffin wayoyi da ba wanda ya san inda suka nufa.

Fentin yana nan yadda yake, ya koɗe a saman fikafikai, kuma abokin nawa bai fasa mita ba. Kuɗin da muke tarawa yanzu na na'urar lura da zafin kowace silinda ne, domin injin ya doshi awa 2,000 da aka ƙayyade masa kafin babban gyara.