Guruf ɗin labaran safe da muke biya a Mile 12: yana da amfani, amma mai shi ba ya gane wasa sai an taɓa jam'iyyarsa

Mutane sun dame ni da tambaya a kan guruf ɗin nan na labarai a WhatsApp da kusan duk Bahaushen da ke harka tsakanin kasuwar Mile 12 da Agege a nan Legas ya shiga, wai ko ya cancanci kuɗin da ake biya duk wata. Toh ga nawa ra'ayin. Ba zan kama sunan guruf ɗin ba balle na mai shi, na ciki sun san shi, wanda kuma ba ya ciki ai akwai irinsa a unguwarsu, daga Idi-Araba har Alaba Rago.

Tsarin ba wuya. Ka tura kuɗinka farkon wata, a saka ka, kuma admin kaɗai ke magana, ba irin guruf ɗin nan da za ka tashi ka tarar da barka da Juma'a ɗari biyu ba. Ana idar da sallar asuba saƙonnin murya za su fara shigowa, kashi uku. Na farko labarin hanya da kasuwa, na biyu fassarar kanun jaridun Turanci zuwa Hausa, na uku sanarwa, rasuwa ne, ɗaurin aure ne, cigiyar yaron da ya sauka a Berger bai san inda zai nufa ba.

Kashi na farkon nan wallahi ko shi kaɗai ya ci kuɗinsa. Mai guruf ɗin, Malam nake ce masa, yana da direbobi da 'yan kamasho da ke ba shi rahoto, kafin gari ya waye ka san ko motocin albasa na Aliero sun wuce Jebba, ko tirela ta faɗi a Ogere ta tare hanyar Ibadan, ko tumatirin Kano ya yi yawa jiya har kwando ya faɗi. Mu da muke dillanci wannan shi ne abincinmu, BBC Hausa da duk girmanta ba za ta gaya maka gosulo ya kama daga Ketu zuwa Ojota ba. Kuma ban manta ba lokacin da aka hana acaba ranar 1 ga Yunin 2022, shi ya zauna ya lissafa wa yaranmu ƙananan hukumomin shida ɗaya bayan ɗaya, Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland, ya ce kar wanda ya kuskura ya shiga da mashin. Allah kaɗai Ya san mashin nawa wannan saƙon ya tsirar. Nan kam ba ni da abin cewa sai Allah Ya saka.

Matsalar tana kashi na biyu.

Wata safiya Malam ya karanto mana, da wannan muryar tasa ta mai karanta labaran duniya, har da gyaran murya, wai gwamnati ta kammala shirin fara karɓar haraji a kan kowane ƙwai da mai shayi ya fasa, kuma wai za a ba masu shayi rasit mai lamba, wanda ya soya da indomi kuɗinsa daban, wanda ya dafa daban. Ya ƙara da inna lillahi, ya ce talaka ya shiga uku. Kafin hantsi magana ta zaga rumfuna, wani dattijo a layinmu har ya fara lissafin ƙwai nawa ake fasawa a Agege a dare ɗaya, mai shayin bakin get kuwa bai jira komai ba ya ƙara kuɗi a take. Sai can da rana wani yaro ɗan jami'a da ke taya babansa zaman shago ya nemo asalin rubutun. Ashe daga wani shafin barkwanci ne, a ƙasan shafin ma sun rubuta ƙarara cewa duk abin da ke nan ƙirƙira ce don raha. Wani ne ya ɗau sikirinshot ya yanke sama ya yanke ƙasa ya turo, shi kuma Malam ya fassara mana tsaf, ko kalma ɗaya bai rage ba. Fassarar kam ta yi kyau, ba laifi.

Zan yi masa adalci ta fuska biyu kafin in kama shi. Na ɗaya, ƙasar nan labarin gaskiya ma kama da wasa yake. A 2018 ba ma'aikaciyar JAMB a Makurɗi ce ta ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36 ba? A 2017 ba fadar shugaban ƙasa ce da bakinta ta ce ɓeraye sun lalata ofishin Buhari shi ya sa zai yi aiki daga gida ba? Shi kansa Buharin a Disambar 2018 sai da ya tsaya a Poland yana gaya wa mutane cewa shi ne dai ba wani Jibrin na Sudan ba. Wanda ya ji waɗannan duk, kuma yana zaune a garin da 'yan agbero ke yankar tikiti a kan kowane kwando da aka sauke, harajin ƙwai ba zai ba shi mamaki ba.

Na biyu, manya ma sun afka. Akwai jaridar barkwancin Amurka The Onion, tun 1988 aikinta kenan shirya ƙarya don dariya. A 2012 ta rubuta wai Kim Jong Un na Koriya ta Arewa ne namijin da ya fi kowa kyau a duniya, sai ga shafin People's Daily, jaridar jam'iyyar da ke mulkin Sin, ya ɗauka da gaske har da jera hotunansa 55. A shekarar dai kamfanin dillancin labarai na Fars a Iran ya kwafi wani nasu, wai fararen fata mazauna ƙauyukan Amurka sun fi son Ahmadinejad, shugaban Iran na lokacin, a kan Obama. A 2015 Jack Warner, tsohon mataimakin shugaban FIFA da Amurka ke tuhuma da cin hanci, ya fito a bidiyo riƙe da takardar labarin The Onion yana kafa hujja da ita don kare kansa. To amma ku lura da abu guda, ba wanda ya haɗiyi ƙaryar da ta ɓata masa rai. Fars na son a ce Amurkawa sun gaji da shugabansu, Warner na son a ce bi ta da ƙulli ake masa, kowa abin da ransa ke so aka miƙo masa ya karɓa bai shinshina ba.

Kuma nan ne na kama Malam. Domin ba a daɗe ba wani ya turo irin wannan sikirinshot ɗin, amma wannan karon a kan wani babba na jam'iyyar da Malam ke ƙauna, wai ya yi alkawarin saka wa kowace gada iyakwandishan. Kai jama'a, ku zo ku ga bincike! Ko minti goma ba a yi ba ya gano shafin, ya gano na barkwanci ne, ya yi mana saƙon murya mai tsawo a kan haɗarin yaɗa abin da ba ka tabbatar ba, har da janyo ayar nan ta Suratul Hujurati da ta ce idan fasiƙi ya zo muku da labari ku yi bincike. Gaskiya ya faɗa. Ashe dai ya iya. Ashe wayarsa na da Google. Ranar ƙwai ne kawai ayar ba ta zo masa ba, saboda labarin ya zagi ɓangaren da dama yake jira a zaga.

Haka yake yi da jaridun ma. In The Nation ta kawo abin da bai masa daɗi ba sai ya ce ai kun san jaridar waye, in ta kawo wanda ya dace da ra'ayinsa sai ka ji ya ce har jaridar su da kansu ta tabbatar. In kuma labari ya fito daga wani ɗan shafi da ba wanda ya taɓa jin sunansa sai ya ce rahotanni sun bayyana. Waɗanne rahotanni Malam? Ni ba na musun cewa kafafen nan na da iyayen gida. Kowa a Legas ya san ana danganta The Nation da gidan talabijin na TVC da Tinubu, shi ya sa ma a hargitsin Oktoban 2020 aka cinna wa TVC wuta a Ikosi, nan kusa da mu. AIT da Raypower na marigayi Raymond Dokpesi ne, jigo a PDP. The Sun ta Orji Uzor Kalu ce. Kuma ba yau aka fara ba, Azikiwe a nan Legas ya kafa West African Pilot a 1937, Awolowo ya kafa Tribune a Ibadan a 1949, Abiola na da Concord, mu ma a Arewa New Nigerian ai gwamnatin yanki ce ta kafa ta a Kaduna. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mai jarida a Oshodi ko Pen Cinema cikin masu karatun kyauta ya san kan labari ɗaya sai ya fito da fuska uku. Wannan bai dame ni ba. In ka gaya min jaridar wane ce ta faɗa, ni ma ba yaro ba ne, zan san gishirin da zan rage. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka ɓoye min sunan in ya yi maka, ka fito da shi in bai yi maka ba.

Wani abu da nake ganin Malam bai lura ba, mu Hausawa ba baƙin barkwanci ba ne. 'Yan kama za su zauna su yi maka wa'azi da ƙira'a irin ta manyan malamai alhali duk a kan tuwo da miya ne, ba wanda ya taɓa tashi ya ce fatawa ce. Yara na tashe da azumi suna kwaikwayon mai gari da malam da ɗan kasuwa. Bagobiri a garin nan zai tare Bayerabe ya ce masa bawana, su yi dariya su rabu. Duk wannan yana tafiya ne don kana ganin fuskar mai maganar, ka san lokacin, ka san tsakaninku. Shi kuwa rubutun barkwancin Turawa da 'yan boko salon sa shi ne ya yi kama da jarida sak, ba murmushi ko kaɗan, alamar kawai sunan shafin ne da ɗan rubutun ƙasa. Sikirinshot ya yanke su. Sannan fassara ta kwashe ɗan abin da ya rage na zolaya a cikin Turancin, sannan a zuba shi a muryar da ta gama gaya maka farashin albasa na gaskiya minti biyu da suka wuce. Dattijon da bai karanta Turanci ba ta ina zai gane? Amanar kashi na farko ce ke ɗaukar ƙaryar kashi na biyu a kai.

Kar wani ya ce ai ƙwai ne kawai. Waɗanda suke garin nan a Agustan 2014 lokacin Ebola sun tuna daren da waya ta dinga ƙara ana ta tashin mutane su yi wanka da ruwan gishiri su sha, har aka rasa rayuka wasu suka kwanta asibiti. Mu kuma baƙi ne a nan, mun ga rikicin Hausawa da Yarbawa da ya faru a Mile 12 a Maris 2016 har aka rufe kasuwa, mun ga na Shasha a Ibadan a 2021. Ranar da wani zai yi barkwancin banza a kan Hausawa da Yarbawa a yanke a turo, a karanta wa dubban mutane da asuba, ba dariya za a yi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda yake gyara. Ba ya gyarawa. Sai dai ka duba ka ga an goge wannan saƙon, shi kenan, gobe a ci gaba kaman ba a yi ba. Na same shi bayan Juma'a na ce, "Malam, don Allah in an yi kuskure a fito a faɗa mana, kuma a dinga kama sunan jarida kafin a karanta." Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai in na tsaya lissafa sunaye saƙon zai yi tsawo, mutane na kukan data." Na ce, "Tallar maganin basir da kake sakawa a tsakiya fa, ita ba ta cin data?" Ya ce zai duba. Mutumin kirki ne fa, ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, kuma na tabbata ba biyansa wani ɗan siyasa ke yi ba, son zuciya ne irin wanda kowa ke da shi, sai dai shi makirufo ne a hannunsa.

Sauran ƙananan abubuwa, muryar na fita tas, ba ya makara ko ranar Lahadi, in ka yi cigiya ba ya karɓar ko sisi. Tallace-tallacen sun fara yawa. Wani lokaci saƙo ɗaya sai ya kai minti tara kana neman inda farashin tattasai yake.

In za a ba da maki, labarin hanya da kasuwa biyar cikin biyar, sanarwa huɗu, fassarar jaridu biyu, kuma biyun ma don Hausarsa ce mai daɗi. Ɗan kasuwa ko direba ya shiga, zai ci ribar kuɗinsa. Wanda siyasa ce ta kai shi gara ya kunna rediyo ko ya sayi Aminiya, in wani labari ya yi masa daɗi fiye da kima ya leƙa shafukan tantance labarai irin su Dubawa ko Africa Check ya gani ko sun taɓa shi. Ni dai zan sabunta nawa, amma kashi na biyun nan tsallake shi nake yi yanzu. An ce wata mai zuwa zai ƙara kuɗin guruf saboda tsadar data, mai shayin bakin get kuma har yau bai sauke kuɗin ƙwai ba, in ka yi magana ya ce ai a labarai aka faɗa.