Falmaran ta Fatar Doki don Hawa Babur: Wacce Ta Cancanci Kuɗinka?

Duk wanda ya taɓa riƙe falmaran ta fatar doki ya murza ta a hannu ya san ba ɗaya take da ta saniya ba. Fuskarta a matse take, ga sheƙi, ga tauri tun tana sabuwa. Ba kuma yau aka fara yayinta ba. Rigar Perfecto da Irving Schott ya fitar wa mahaya babur a Amurka a 1928 da fatar doki aka fara yin ta, haka ma rigar A-2 da matuƙan jiragen sojan ƙasar suka soma sawa a 1931. A wancan zamani dawakai ke noma, su ke jan kaya, fatarsu ba ta wuya. Yanzu kuwa tun 2007 aka rufe mayankar dawakai na ƙarshe a Amurka, sai an shigo da fatun daga Kanada da Turai. Nan tsadar ta samo asali, nan kuma 'yan damfara suka ga wurin ci.

Kafin ka tambayi wa ya ɗinka, fara tambayar wace majema ta jeme fatar. Ni dai ba na ɓoye inda zuciyata take: fatar Shinki Hikaku, majemar da ke Himeji a Jafan, garin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana sana'ar jima. Tun 1951 suke aiki, kuma a fatar doki suka yi suna. Jimarsu ta tsirrai ce, da ruwan ɓawon itace, ana tsoma fatar a ramuka ta daɗe tana sha a hankali, sannan a shanya ta, a bar ta ta huta. Aikin watanni ne. Wanda ya san yadda majeman Kano ke jima da bagaruwa zai gane hikimar, don tushen ɗaya ne.

Abin da ya kashe ni a kanta shi ne yadda take tsufa. Akwai wadda ake rina cikinta ruwan ƙasa, a shafa baƙi a sama kawai. Bayan ka yi ta hawa da ita, sai bakin aljihu da gefen hammata da wurin maɓallai su fara gogewa, ruwan ƙasan nan ya leƙo daga ƙarƙashi. Inda cikinka ke lanƙwashewa in ka duƙa kan tanki, sai fatar ta yi layuka masu zurfi, su zauna daram, daidai da jikinka kai kaɗai. Ba ta saki ta zama tsumma, kafaɗarta na nan tsaye ko an rataye ta a ƙusa. Masu ɗinki irin su The Real McCoy's a Jafan da Himel Bros a Toronto da ita suke aiki. Aibinta guda: ba ta shiri da ruwan sama sosai, takan yi tabo. In ta jiƙe, shanya ta a inuwa, kada ka kai ta rana ko kusa da wuta.

Mai bi mata ita ce Chromexcel ta Horween, majemar Shikago da aka kafa a 1905, wadda kamfanin Aero na garin Galashiels a Sikotilan ke yawan ɗinki da ita. Ana jeme ta da sinadarin kurom, a maimaita da na tsirrai, sannan a ɗura mata mai da kakin zuma da zafinsu. Fata ce ta kirki, ruwa ba ya saurin ratsa ta, amma nauyi gare ta, ta fi dacewa da ƙasar sanyi. A zafin watan Afrilu na Sakkwato ko Maraɗi za ka gwammace ka bar ta a gida.

Ta saniya ba laifi, ta fi araha, sai dai da wuya ta yi irin wancan tsufan. Ta tunkiya ado ce kawai, ƙusa ɗaya ta isa ta yage ta. In aljihu bai kai ba, gara fatar akuya mai kyau, ba nauyi ga ƙwari, kuma jar akuyar Sakkwato ba baƙuwa ba ce a kasuwannin fata na duniya.

Kauri ya kama daga milimita 1.1 zuwa 1.3. Amurkawa da oza suke aunawa, oza 3 kusan milimita 1.2 ke nan. Fatar ta zama ta gaban doki, wato kafaɗa da ƙirji da gefe, don nan ake yanko ta tufafi. Awo kuma a zaune ake gwada shi, ba a tsaye gaban madubi ba: hau babur, miƙa hannu ga kan, ka ga ko tana shaƙe ka a wuya ko tana cizon hammata. Fatar doki ba ta buɗewa kamar ta saniya, don haka kada mai shago ya ce maka "za ta saki". Lambobin awon riga na Jafan kuma sun fi na Amurka ƙanƙanta, ka nemi faɗin ƙirji da tsawon baya da santimita. Sannan a sani, falmaran ba ta kare hannu ko gwiwar hannu in an faɗi, ba ta maye gurbin cikakkiyar riga da hular kwano.

Shafin ciki nake fara juyowa yanzu kafin komai. Wani mai sayarwa a intanet ya taɓa aiko mini da falmaran da ya rantse ta doki ce. Shafinta na leda ne mai santsi, an ɗinke shi ruf ta ko'ina, ba inda za ka zura yatsa ka taɓa bayan fatar. Gumi ya taru a ciki, hunturu na zuwa kafaɗar ta fara ɓarewa kamar ɓawon albasa, sai ga wani farin yadi a ƙarƙashi. Roba ce aka shimfiɗa a kan ƙyalle. Don haka nemi shafin auduga, ko ma wadda ba shafi sam, inda bayan fatar ke fili kana ganin gashin-gashinta.

Jabun iri-iri ne, malam. Akwai robar zalla. Akwai ƙasan fatar saniya da aka tsaga gida biyu, aka shafe da roba, aka buga mata zanen fuskar fata da inji. Akwai garin fata da aka kwaɓa da gam aka matse. Duk waɗannan ana iya kama su. Duba bakin yanka, wajen ramin igiyar gefe ko cikin aljihu: fata ta gaske zare-zare ne cukuɗe tun daga sama har ƙasa, jabu kuwa hawa-hawa take. Danna da babban yatsa, ta gaske za ta yi ƙananan tamoji kewaye da yatsan. Shinshina. Zanen fuska da ke maimaita kansa daidai wa daida a gaba da baya aikin inji ne. Kada kuma wasan ashana ya burge ka, inda mai kaya zai ƙyasta wuta ya wuce da ita fuu a kan rigar. Roba mai kauri ma takan jure wannan ɗan lokacin.

Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne mai sayar da fatar saniya ko ɓauna ta gaske da sunan doki, don ko tsofaffin dukawa kan yi gardama a kan hoto. Nan ba abin da zai fisshe ka sai sunan majema. Mai ɗinkin da ya biya kuɗin Shinki ko Horween da bakinsa zai fara gaya maka, alfahari yake da shi. Wanda ya ce "daga Italiya take" ya yi shiru, tambaye shi wace majema a Italiyar. Wanda ya ce falmaran ɗinsa kodoban ce, ko dai launi yake nufi ko ƙarya yake yi, domin kodoban ɗan yanki ne daga ɗuwawun doki, takalma da walat ake yi da shi, bai isa bayan riga ba. Dubi bayan ma: falle ɗaya ko biyu ya kamata, in ka ga an harhaɗa guntaye shida ko takwas, ragowar teburin yanka aka sayar maka. Tambarin YKK ko Talon a kan zif shi ma ana buga na ƙarya, ja shi sama da ƙasa ka ji ko yana tafiya sumul.

Farashi kuma ba ya ƙarya. Sabuwar falmaran ta doki daga sananniyar majema dala ɗaruruwa ce, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. In an yi maka tayinta a kuɗin takalmi, wuce abinka. In gwanjo za ka saya, ba laifi, tsohuwar fatar doki ta fi sabuwar jabu sau dubu, amma ka sa a ɗauko maka hoton lambar wuya, da cikin aljihu, da ɗinkin hammata a hasken rana, ka lanƙwasa kafaɗar ka ga ba ta tsattsage don bushewa ba. Kada ka tura ko sisi sai an rubuta maka cewa za a karɓi kaya a mayar maka da kuɗinka in ba su ne aka nuna maka ba.