Saita bariyabul na muhalli a Linux: wace hanya ce ta dace da aikinka?

Duk mai aiki da Linux ko Mac ta tagar umarni, wata rana zai ci karo da wannan. Ka rubuta fayil mai suna `saiti.sh`, ka sa `export API_KEY=abc123` a ciki, ka tashe shi da `./saiti.sh`, sannan ka buga `echo $API_KEY`, sai layin ya fito wayam. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shi ne, shel ɗin da kake ciki, wato shirin da ke karɓar umarninka a tagar, ya buɗe wani ƙaramin shel don ya karanta fayil ɗin, ya miƙa masa kwafin muhallinsa, wato jerin bariyabul (suna da ƙimarsa, kamar `API_KEY=abc123`) da shirye-shirye ke karantawa, kuma da aikin ya ƙare sai ƙaramin ya rufe da duk abin da ya saita. Kamar fotokwafin takardar shaidar makaranta ne: duk abin da ka zana a kan kwafin, asalin yana nan yadda yake. Haka Unix yake tun 1979, gado yana gangarawa ƙasa ne kawai.

Saboda haka kafin ka zaɓi hanya, ka fara amsa tambaya biyu: har yaushe kake son ƙimar ta zauna, kuma wane shiri ne zai karanta ta?

Idan umarni guda ne kawai yake buƙatarta, kada ma ka wahalar da kanka da fayil. Ka rubuta `DEBUG=1 python app.py` a layi ɗaya. Shirin zai gan ta, kuma yana ƙarewa ta tafi.

Idan kana son ta zauna muddin tagar tana buɗe, `source saiti.sh` ne maganin. Wannan umarni yana sa shel ɗinka ya karanta fayil ɗin da kansa, ba tare da ya aiki wani ba. Masu Python sun daɗe suna yin haka da `source venv/bin/activate`, ko da ba su lura da dalilin ba. Amma akwai tarko biyu da nake so ka sani. Na farko, kalmar `source` ta bash da zsh ce. A Ubuntu da Debian, `/bin/sh` yana nufin dash, shi kuma dash wani shel ne da bai san ta ba, ɗigo kaɗai ya sani: `. ./saiti.sh`. Ɗigon yana aiki a dukkansu, don haka shi nake ba da shawara a fayil ɗin da wasu za su ɗauka. Na biyu ya fi ciwo. Tunda fayil ɗin a cikin shel ɗinka yake gudana, `exit` guda a ciki zai rufe maka tagar baki ɗaya, `set -e` kuma zai manne maka, har ƙaramin kuskure na gaba ya fitar da kai. Fayil ɗin da za a yi wa `source`, a yi amfani da `return` a cikinsa, kuma kada ka yi wa fayil ɗin da ba ka karanta ba haka.

Sai abin da kake so kullum, irin su `PATH` da `EDITOR` da `JAVA_HOME`. A nan mutane suka fi rikicewa tsakanin `~/.bashrc` da `~/.profile`. A Linux, bash yana karanta `~/.bashrc` duk lokacin da ka buɗe sabuwar taga. Idan kuwa shiga ka yi ta SSH, wato daga wata na'ura ta nesa, zai duba `~/.bash_profile`, sai `~/.bash_login`, sai `~/.profile`, ya ɗauki na farkon da ya samu ya bar sauran. Wato ranar da wata manhaja ta ƙirƙiro maka `~/.bash_profile`, daga ranar an daina waiwayar `~/.profile` ɗinka. Masu Mac kuma su tuna cewa tun Catalina a 2019 zsh ne shel na asali, nasu fayilolin su ne `~/.zshrc` da `~/.zprofile`. Wannan hanya tana da sauƙi, amma ban yarda a zuba makullan sirri a cikinta ba. Duk shirin da ka tasa daga tagar zai gaji makullin, har wanda babu ruwansa da shi, kuma idan kana da ayyuka biyu masu buƙatar `DATABASE_URL` daban, ɗaya zai danne ɗaya.

Akwai `/etc/environment` ga abin da ya shafi kowa a na'urar. Layukan `SUNA=ƙima` kawai yake karɓa, ba ya fassara `$PATH` ko `$HOME`, kuma sai an fita an sake shiga canjin yake kama aiki. Amfaninsa kaɗan ne.

Ga mai rubuta manhaja da ke riƙe da ayyuka fiye da ɗaya, zaɓina shi ne kowane aiki ya samu fayil ɗinsa a cikin foldarsa. Hanyar da ba ta buƙatar saka komai ita ce fayil ɗin `.env` tare da wannan layi: `set -a; . ./.env; set +a`. Umarnin `set -a` yana sa a fitar da duk abin da aka saita ba sai ka rubuta `export` a kowane layi ba. Ka dai kula, ƙimar da ke da fili a tsakiya sai an sa ta cikin alamar zance, in ba haka ba shel zai ɗauki rabinta a matsayin umarni.

Wanda ya fi wannan daɗi shi ne wani ƙaramin shiri mai suna direnv, kuma kyauta ne. Ka saka shi, ka ƙara `eval "$(direnv hook bash)"` a ƙarshen `~/.bashrc`, ka rubuta `.envrc` a foldar aikin. Kana shiga foldar da `cd` zai loda ƙimomin, kana fita ya kwashe su. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya taɓa `.envrc` sai ka ba shi izini da `direnv allow`, kuma da an sauya ko da harafi ɗaya a fayil ɗin zai sake neman izini. Don haka aikin da ka sauko da shi daga GitHub ba zai gudanar da umarni a bayan idonka ba. Matsalarsa ita ce duk abokin aikinka sai ya saka shi a tasa na'urar. Ko `.env` ka zaɓa ko `.envrc`, ka sa sunan a `.gitignore`, jerin fayilolin da Git zai ƙyale, tun kafin ka rubuta makulli na farko, sannan ka yi masa `chmod 600` don sauran masu amfani da na'urar su kasa karanta shi.

A kan sabar kuwa lissafin daban ne. Cron, shirin da ke gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara, ba ya karanta `~/.bashrc`, kuma `PATH` ɗin da yake bayarwa, wato jerin foldojin da ake neman umarni a ciki, gajere ne, galibi `/usr/bin:/bin`, shi ya sa aikin da ya tafi daidai a hannunka yake faɗuwa da tsakar dare. Ka sa fayil ɗin aikin ya loda saitinsa da kansa a layukan farko, da cikakken adireshin fayil. Idan systemd, mai kula da sabis a Linux, ne ke riƙe da shirin, layin `EnvironmentFile=/etc/manhaja/env` a ƙarƙashin `[Service]` a fayil ɗin sabis ɗin ya wadatar. Shi ma layukan `SUNA=ƙima` zalla yake so, babu `export`, kuma bayan ka gyara fayil ɗin sabis ɗin sai ka buga `systemctl daemon-reload` kafin ka sake tasar da shirin.