Wace ƙaramar kwamfutar hannu ta dace da Kali Linux? Shawara daga Bauchi

Da wuya mako ya wuce wani ɗalibi daga Yelwa ko Gwallameji bai tsayar da ni da tambayar nan ba: Malam, wace ƙaramar kwamfuta zan saya in ɗora mata Kali? Sana'ata ita ce haɗa hanyoyin sadarwar kwamfuta da gyara su a ofisoshi da makarantu cikin garin Bauchi, kuma shekara biyu ke nan ina yawo da irin wannan na'ura a jaka, saboda haka abin da zan faɗa na taɓa shi da hannuna, wani ma ya ci mini kuɗi kafin in gane shi.

Kali Linux babbar manhaja ce ta gwajin tsaron kwamfuta wadda kamfanin Offensive Security ya fitar a watan Maris na 2013 a madadin BackTrack, kuma a kan Debian aka gina ta. Masu ita sun ce tana buƙatar aƙalla RAM 2GB da wurin ajiya 20GB idan ana son cikakken allon aiki da kayan aikinta na yau da kullum, sun kuma ba da shawarar 8GB ga mai amfani da manhajoji masu nauyi irin su Burp Suite. Wannan kaɗai ya isa ya tankaɗe rabin na'urorin da ake talla. Dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ko hanyar sadarwarsa ba da izini ba, don haka duk abin da ke cikin wannan rubutu na mai gwada kayansa ne ko kayan wanda ya ba shi izini a rubuce.

Zaɓina shi ne uConsole na kamfanin ClockworkPi, wanda aka sa wa ƙwaƙwalwar Raspberry Pi Compute Module 4 a ciki. Na'ura ce mai jikin ƙarfe, da allo mai inci 5 mai ƙwayoyin hoto 1280 sau 720, da cikakken jerin madannai masu haske, da wata 'yar ƙwallo da ake murzawa da babban yatsa a madadin linzami. A warware take zuwa, kai za ka ɗaura ta da kanka, kuma wannan shi ne abu na farko da ya ja ra'ayina, domin abin da ka ɗaura da hannunka ba za ka ji tsoron kwance shi ba ranar da ya sami matsala. A gari irin namu, inda babu wakilin kamfani kuma mayar da kaya waje ya fi sayen sabo wahala, na'urar da ake kwancewa da noti ta fi wadda aka liƙe da gam daraja nesa ba kusa ba. Batirinta guda biyu ne nau'in 18650, ana cire su a sa wasu, ƙwaƙwalwarta ma ana zare ta a canza.

A wajen zaɓen ƙwaƙwalwar ne mutane suka fi yin kuskure. Kamfanin ya fitar da wasu nau'o'i, irin su A-06 mai Rockchip da R-01 mai fasahar RISC-V, amma ga mai son Kali babu abin da ya kai Compute Module 4, wanda ya fito a Oktoban 2020 da ƙwaƙwalwa iri ɗaya da ta Raspberry Pi 4, saboda masu amfani da shi suna da yawa a duniya, kuma kusan duk matsalar da za ka haɗu da ita wani ya riga ya haɗu da ita ya rubuta maganinta. Ka nemi mai RAM 4GB ko 8GB, mai Wi-Fi, kuma nau'in da ake kira Lite. Wanda ba Lite ba yana da ma'ajiyar da aka manna a jikinsa, kuma ba ya karanta katin memori, alhali sauƙin cire kati a sa wani shi ne rabin amfanin wannan na'ura: kati ɗaya na aiki, ɗaya na gwaji, idan wannan ya lalace ka koma wancan cikin minti guda.

Tana da nata laulayin. Kwafin Kali da aka tanada domin Raspberry Pi ba ya ɗauke da direban allon uConsole, wato 'yar manhajar da ke sa allon aiki, don haka idan ka zuba shi a kati ka kunna, allon zai tsaya baƙi ƙirin, kuma mutane da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa na'urar ta mutu. Ba ta mutu ba. Ka jona ta da talabijin ta ƙaramar kafar HDMI da ke gefenta, za ka ga manhajar tana aiki lafiya lau. Maganin shi ne a sa kanel ɗin da ke ɗauke da direban allon da na batirin, kanel kuwa shi ne zuciyar manhajar da ke magana da sassan na'ura. Bayan an sa shi sai a kulle shi da umarnin apt-mark hold, domin Kali manhaja ce da ake sabuntawa kullum tun 2016, kuma sabuntawa ɗaya na iya maye gurbin kanel ɗin ta mayar da kai cikin duhu. Akwai kwafin da masu sha'awa suka haɗa suka saki a shirye, suna kuma sauƙaƙa aiki ƙwarai, amma manhajar tsaro da ta fito daga hannun wanda ba ka sani ba tana buƙatar tunani, shi ya sa ni nakan sauko da Kali daga kali.org, in gwada lambar tantancewarsa da sha256sum, sannan in ƙara kanel ɗin da kaina.

Matsala ta biyu ita ce raunin Wi-Fi, domin jikin ƙarfen yana tare sigina. Idan ka jona eriyar waje, sai ka buɗe fayil ɗin saiti na config.txt ka rubuta dtparam=ant2, in ba haka ba na'urar za ta ci gaba da amfani da eriyar ciki, kai kuma kana ta zargin kayanka. Ta uku ita ce agogo: idan apt, manhajar da ke sauko da sabuntawa, ya ƙi aiki yana cewa fayil bai kai lokacin aikinsa ba, kafin komai ka duba kwanan watan da na'urar ke nunawa. Mai tsohon kwafi kuma ya sani cewa a Afrilun 2025 masu Kali sun sauya mabuɗin da suke sa hannu da shi a kan ma'ajiyar manhajojinsu, don haka sai ya sauko da sabon mabuɗin kafin sabuntawa ta yiwu.

Sauran na'urorin ba za su ɗauke mu lokaci ba. DevTerm, ɗan'uwan uConsole, allonsa dogo ne siriri, 1280 sau 480, kuma tagogin manhajoji da yawa ba sa shiga cikinsa. Raspberry Pi Zero 2 W ya fito a kan dala 15, amma RAM ɗinsa 512MB ne, bai isa allon aiki ba. Raspberry Pi 5 ya fi su duka gudu, sai dai cajarsa ta asali mai wat 27 ce, yana kuma buƙatar fanka, kafin ka haɗa masa allo da madannai da pawa bank ya tashi daga abin riƙewa a hannu ya koma tarin wayoyi. Wayar PinePhone tana ɗaukar NetHunter Pro, wato Kali na waya, amma tana da nawa. GPD MicroPC kaɗai nake ɗaga wa ƙafa, saboda ƙwaƙwalwar Intel gare ta, tana da kafar waya ta intanet, kuma manhajojin da ba su da kwafin ARM, wato irin ƙwaƙwalwar Raspberry Pi, suna aiki a kanta, amma batirinta a rufe yake cikin jiki, ba irin wanda za ka samu a shagon unguwa ba. Wanda kuɗinsa bai kai ba kuma yanzu yake koyo, ya sayi tsohuwar ThinkPad ta hannu, za ta koya masa Kali fiye da duk waɗannan.

Inda aka fi cutar mai saye kuwa ba a na'urar ba ne, a 'yan kayan da ke raka ta ne. Ba a sayar da uConsole da batir, kai za ka nema, kuma a nan na sha kashi. Na shiga wani shago na ce ina son 18650 masu kyau, mai shagon ya ɗauko mini wasu jajaye da aka rubuta wa 9900mAh, ya ce, "Injiniya, waɗannan su ne ƙarshe, masu tocila duk su suke saye." Na sa su, na yi caji har suka cika, na tafi wata makaranta duba musu hanyar sadarwa, ko minti arba'in ba a yi ba na'urar ta ɗauke ɗif ana tsakiyar rubutu a kan kati, katin kuma bai sake tashi ba, aikin kwana uku ya tafi. Gaskiyar magana ita ce batirin 18650 na ƙwarai, daga kamfanoni irin su Samsung da LG da Panasonic da Molicel, ba ya wuce kimanin 3500mAh, saboda girmansa milimita 18 ne a faɗi da 65 a tsawo, kuma abin da wannan sarari zai iya ɗauka yana da iyaka. Duk wanda ka ga an rubuta wa 5000 ko 9900 jabu ne. Na ƙwarai yana da nauyin giram 45 zuwa 48. Da na ɗora nawa a kan ƙaramin sikeli, kowanne bai kai giram 30 ba. Tun daga ranar da sikeli nake zuwa sayen batir, kuma mai shagon da ya ƙi a auna kayansa ba na sayen komai a wurinsa.

Ka kuma lura da waɗanda aka zaro daga tsofaffin batiran laftop aka sake musu riga. Idan ka duba ƙasansu za ka ga ɗigon walda da aka goge. Suna iya yin nauyi daidai amma sun riga sun gaji. Ka sayi biyu iri ɗaya a lokaci ɗaya, kada ka haɗa sabo da tsoho, kada kuma ka sa wanda rigarsa ta yage, domin duk jikin batirin da ke ƙarƙashin rigar nan wuta ne, idan ya taɓa inda bai kamata ba zai iya kamawa. Masu da'irar kariya a kai sun ɗan fi tsawo, ka auna kafin ka saya don kada ka matsa su da ƙarfi cikin mazauninsu.

Katin memori shi ne tarko na biyu, kuma ya fi batir iya ɓoye kansa. Kati na jabu zai nuna maka 128GB a kwamfuta alhali abin da ke ciki bai wuce 8GB ba, idan rubutu ya wuce nan sai ya hau kan na baya yana gogewa ba tare da wani gargaɗi ba. Alamarsa ita ce Kali ya tashi lafiya ranar farko, bayan babbar sabuntawa kuma ya fara kawo kurakurai marasa kan gado, mutum ya yi mako yana neman laifin kanel. Kwali mai ƙyalli da hatimi ba shaida ba ne, masu jabu sun ƙware a kansu. Shaida ɗaya ita ce gwaji: manhajar H2testw a kan Windows, ko f3write da f3read a kan Linux, waɗanda ke cika katin gaba ɗaya sannan su karanta abin da suka rubuta. Yana ɗaukar lokaci, amma ka yi shi ranar da ka sayi katin, tun mai shago bai manta fuskarka ba. Ka nemi mai alamar A1 ko A2, domin babbar manhaja ƙananan rubutu masu yawa take yi, ba irin rubutun bidiyo ba.

Na uku shi ne abin kama Wi-Fi na USB, wanda mai koyon tsaron sadarwa ba zai yi ba tare da shi ba, tunda yana buƙatar yanayin sauraro, wato na'urar ta riƙa jin duk saƙon da ke yawo a iska. Sunan da ke kan kwali ba shi ne abin dubawa ba, ƙwayar da ke ciki ce. TP-Link TL-WN722N fitowar farko yana da Atheros AR9271, wadda ke aiki nan take, amma fitowa ta biyu da ta uku Realtek ce a ciki, kuma a ido kamarsu ɗaya, wasu masu sayarwa ma da gangan suke kiran sabon da sunan tsohon. Ka jona shi a gaban mai kaya ka buga umarnin lsusb, mai nuna abin da aka jona ta USB: idan ka ga 0cf3:9271 to Atheros ce. Ni na fi son Alfa AWUS036ACM mai MediaTek MT7612U, saboda direbanta yana cikin kanel ɗin Linux, ba sai an gina shi daban ba, kuma wannan babban abu ne a na'urar da kanel ɗinta na musamman ne. Masu RTL8812AU a kan tsohon kanel sai an gina musu direba, a kan uConsole kuwa wannan yakan zama aikin yini guda. Alfa ma ana yin jabunsa, kuma lsusb zai nuna maka ƙwayar da ke ciki.

Sai zafi. Ƙwaƙwalwar Raspberry Pi tana fara rage gudunta da kanta idan ta kai maki 80 a ma'aunin Salsiyas, kuma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke kusantar 40, ba ta da nisan tafiya kafin ta kai can. Lokacin ɗaura na'urar ka tabbata ka sa ɗan laushin nan mai ɗauke zafi tsakanin ƙwaƙwalwar da murfin baya, domin murfin ƙarfen ne ke fitar da zafin. Umarnin vcgencmd measure_temp zai nuna maka zafinta, vcgencmd get_throttled kuma zai gaya maka ko ta taɓa rage gudu ko wuta ta taɓa yi mata ƙaranci, idan ya ba ka 0x0 lafiya lau take. Ba na barin tawa a cikin mota da rana, kuma da hunturu nakan buɗe 'yar ƙwallon linzamin in share ƙurar da ta taru, domin ita ce ke fara cijewa.

Ranar da kayanka suka iso, ka auna batiran, ka gwada katin har ƙarshe, sannan ka ɗaura na'urar ka fara kunna ta da manhajar da kamfanin ya tanada, domin ka tabbatar allo da madannai da caji suna aiki kafin Kali ya shigo. Bayan ka sa Kali, sunan shiga da kalmar sirri duk kali ne tun fitowar 2020.1, ka canza kalmar kafin ka jona ta da kowace hanyar sadarwa, sannan ka kwafe katin gaba ɗaya a kan wani ka ajiye shi a gida.