Albasar lili ta Holan da ta bakin titi: yadda suka yi a lambuna na Kaduna

Ga hukuncina tun daga farko. Idan kana zaune a Kaduna, Zariya ko Kano, kuma burinka ka shuka fure ya riƙa haihuwa har ya cika maka tsakar gida, kada ka zuba kuɗinka a kan albasar furen lili da ake shigowa da ita daga Holan. Idan kuwa adon 'yan makonni kake nema, to za ta fitar da kai kunya.

A intanet na yi odarta wajen wata mai sayar da kayan lambu, nau'in da ake kira Asiatic. Ta iso cikin leda mai huji-huji, an cusa mata dusar katako mai ɗan laima, kuma nan mai kayan ta yi ƙoƙari. Albasar lili ta asali ba ta da busasshen ɓawon nan da ke rufe albasar miya. Sala-sala take kamar tafarnuwar da aka ɓare, don haka iska na bugunta sai ta yamutse. Yawancinsu sun zo da ƙwari da nauyi a hannu, saiwoyinsu farare. Ɗaya ce ta zo da fumfuna a gindi, na tura mata hoto, ta sauya min ba tare da ja-in-ja ba.

Inda na ga gazawarta shi ne takardar bayanin da ta haɗo. Don mutanen Turai aka rubuta ta, lokutan shukar da ke ciki ba su da alaƙa da damina da ranin da muka sani. Ba ta kuma faɗa min abu mafi muhimmanci ba: wannan albasar sai ta sha sanyi kafin ta yi fure, kuma wadda ta aiko min an riga an sanyaya ta tun a can. Wato furen farko an biya masa kuɗin sanyi, na biyu kuwa kai za ka nemo masa.

Na shuka a farkon Nuwamba, da dare ya fara sanyi. Na haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen kashin shanu da ɗan ɓuntun shinkafa a manyan tukwane masu huji a ƙasa, na binne kowace albasa zurfin kusan santimita 15. Zurfin yana da dalili, domin lili tana fitar da wasu saiwoyi a jikin karanta, a saman albasar, su ne ke ciyar da ita suna kuma riƙe ta kada ta kife. Tohon ya fito da ƙarfi, ganye siri-siri zagaye da kara, kafin wata uku fure ya buɗe, ruwan lemo mai ɗigo-ɗigon baƙi a ciki. Kyau kam ba a magana. Sai dai babu ƙanshi ko kaɗan, wani nau'in daban da ake kira Oriental shi ne mai ƙanshi. A kuma kula da garin da ke kan furen, in ya taɓa farar shadda da wuya ya fita.

Da zafin Maris ya shigo, ganye ya yi rawaya ya bushe. Na tono su, na tarar sun rame, ba su kai girman da suka zo da shi ba. Kafin su sake fure suna bukatar mako 6 zuwa 8 a sanyi mai kamar digiri 4, wato firji, kuma ba a haɗa su da ayaba ko tuffa, don iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa tana lalata furen tun yana cikin albasa. Duk wanda ya san halin wutarmu ya san firjin da zai riƙe sanyi ɗaya na wata biyu sai gidan mai sola.

Yaɗa ta dai yana yiwuwa, na gwada. Na ɓanɓaro salar waje daga can gindi, na barbaɗe su da toka, na zuba a leda da dusar katako mai laima, na ajiye a ɗaki mai duhu. Bayan 'yan makonni kowace sala ta fitar da ƙananan 'ya'ya a gindinta, farare, da siririyar saiwa. Abin sha'awa ne. Amma sai sun shekara biyu zuwa uku kafin su yi fure, kowace shekara kuma da nata sanyin. Mutanen Jos, da tudunsu ya haura mita 1,200, sun fi mu damar jure wannan reno.

Wadda ta biya ni ita ce ta masu sayar da furanni a bakin titi, wadda ake yi wa laƙabi da lilin hunturu. Masana tsirrai suna kiranta Hippeastrum, ba dangin waccan ba ce, asalinta daga Kudancin Amurka, amma ta daɗe da zama 'yar gida a nan. Kuɗin albasar Holan ɗaya ya saya min guda da yawa, da ƙasarsu a jiki. Shukarta kishiyar waccan ce: ba a binne ta duka, ana barin wuyanta da kusan kashi ɗaya cikin uku a waje, in ba haka ba ta ruɓe. Da damina ganye kawai take yi, dogaye masu faɗi, har ka ɗauka ba ta da wani amfani. Da ruwa ya ɗauke sai na rage ban ruwa sosai, na bar ta ta ji fari. Ana cikin hazo da tsagewar leɓe sai ka ga kara mai kauri, mai rami a ciki, ya ɓullo daga gefen albasar, ya buɗe furanni biyu zuwa huɗu, ja mai sirkin lemo, tsakiyarsu fari-fari.

Wajen haihuwa kuwa ba ta jiran kowa. Uwar tana fitar da 'ya'ya a gefenta, in suka yi saiwar kansu sai ka tono, ka raba da hannu, ka dasa kowane daban. Mai son yawa da sauri zai iya yanka babbar albasa daga sama zuwa ƙasa gida 8, kowane yanki da ɗan gindinsa, ya shafe da toka ya kafa a yashi mai laima a inuwa. Matsalarta ɗaya ce babba, kwanciyar ruwa. Wadda na dasa kusa da makwarara ta narke a watan Agusta, waɗanda ke kan kunya mai tudu ko gezau. Fara da dodon koɗi suna taɓa ganyen, amma ba sa kashe ta.

Gidan da ke da yara ko mage a yi hattara. Albasar lilin hunturu tana da guba kuma tana kama da ta miya, kada a shanya ta kusa da kicin. Ita kuwa ta Holan, ko garin furenta mage ta lasa yana iya kashe mata ƙoda.

In za ka saya a bakin titi, ka ce a ciro maka ita daga leda ka gani. Ka matsa gindin da yatsa, in ya lotsa ko yana wari ka ajiye. Ka zaɓi mafi girma, wadda ta riga ta fara fitar da ɗa a gefe, ko da mai lambun ya ɗan ƙara maka kuɗi.