Kyamarar da nake fita farautar ajiya da ita: ruwa bai ci ta ba, amma batir ya ci mini rai

Masu tambayata a WhatsApp wace kyamara ce ke ɗaukar hotunan fitarmu ta farautar ajiya, ga amsa a waje guda: Olympus Tough TG-6 ce, ja, 'yar Kwatano. Kuɗinta kun sani, kun kuma san yadda dala ta mayar da komai, don haka ba sai na tayar wa kowa da hankali ba. Ina son kyamarar nan, sai dai akwai abin da har yau idan na tuna shi raina yana sosuwa.

Ga wanda bai san wasan ba, shi ne wanda ake yi da manhajar Geocaching. Wani zai ɓoye 'yar roba mai ɗauke da takardar sa hannu, ya ba da lambobin GPS na wurin, kai kuma ka bi har ka gano, ka rubuta sunanka, ka mayar yadda ka same ta. A watan Mayun 2000 aka soma, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da farar hula ke amfani da ita. Washegari kusan, ranar 3 ga wata, wani Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a jihar Oregon ya ce a nemo. A nan wajenmu wasan bai yaɗu ba, shi ya sa mu 'yan tsirarun da ke yi muke ɓoye wa junanmu, muna bin ƙa'idar da aka sani: ba a haƙa rami, ba a ajiyewa a wurin mutum sai da izininsa, kuma tsakanin ajiya da ajiya sai an ba da tazarar mita 161. Maganar izini a Katsina ta fi ƙarfin wasa. A wannan zamani da muke ciki, ka ga baƙon ido yana zagaya gindin bishiya da na'ura a hannu yana cusa abu cikin kogo, ai ba wanda zai yi maka kyakkyawan zato. Mu sai mun gaida mai unguwa mun nuna masa robar a buɗe. Wannan ne dalilin farko da ya sa na guji babbar kyamara mai rataya a wuya. Ita TG-6 nauyinta gram 253 ne, tana shiga aljihun gefe na kaftani ba wanda ya san da ita.

Kafin ita ina da wata ƙarama, irin wadda idonta ke miƙowa waje idan an kunna. Hunturu guda ya gama da ita. Muna bin sauran tsohuwar ganuwa ta wajen Ƙofar Guga cikin hazo, yashi ya shige mata, idon ya tsaya rabi a waje, ba gaba ba baya. Mai gyara ya ce in haƙura. Ita TG-6 idonta a ciki yake motsi, bayan gilashi, ƙura ba ta da ƙofar shiga.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ya faru ne a bakin Dam ɗin Ajiwa, ƙarshen damina, ruwa ya cika ya malalo cikin fadama. Wani abokin wasanmu ya ɓoye ajiya a jikin wani bedi da ke tsallaken magudanar da masu lambu ke jan ruwa da ita. Na tafi da ɗan yayata, yaron da ke aji biyar na firamare, shi ne mai riƙe mini kyamara saboda yana son ɗaukar tsuntsaye. Wayata ta nuna saura 'yan mitoci, na tsallake, shi kuma ya taka gefen da ya jiƙe, ƙafarsa ta zame. Bai faɗa ba, Allah ya tsare, amma kyamarar ta suɓuce ta nutse cikin ruwan nan mai launin koko.

Ya tsaya jikinsa na rawa, yana cewa, "Kawu, wallahi ban sake ta da gangan ba." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, shi ne ba a saye a kasuwa. Amma ni kaina gabana faɗuwa yake yi. Na san an rubuta tana jure ruwa har zurfin mita 15 da faɗuwa daga mita 2.1, sai dai wannan lissafin sabuwa ne, tawa kuwa ban san hannu nawa ta bi kafin ta iso Katsina ba. Kuma ba ruwan wanka ba ne, taɓo ne. Wani dattijo mai lambun tumatir ya ajiye fartanyarsa ya zo, na ce, "Baba, a taimaka mana, na'urar hoto ce ta faɗa." Ya naɗe wando ya shiga yana laluben ƙasa da ƙafa, ni ma na bi shi. Mun ɗauki lokaci mai tsawo, har na soma cewa a bar ta, sai ya sunkuya ya ciro wani curin laka, jan jikinta na ɗan leƙowa.

Ban buɗe ko ɗaya daga cikin murafanta ba. Kowane murfi makulli biyu gare shi, na duba duk a kulle suke. Dattijon ya kawo bokitin ruwa mai kyau, na tsoma ta ina girgizawa a hankali, ina danna maɓallan a cikin ruwan har yashin ya fita, na bar ta ta ɗan jiƙa, na goge da gefen rawanin da ya miƙo mini. Na danna. Ta kawo haske nan take, hoton balbelar da yaron ya ɗauka kafin ya zame yana nan. Dattijon ya ce, "Ikon Allah, ashe akwai ƙarfen da ya iya iyo." Da ita muka ɗauki hoton takardar sa hannun a ranar, da hoton yaron da dattijon suna dariya, kuma har yau ban ga digon tururi a bayan gilashinta ba. Wallahi a hanyarmu ta komowa ji nake ko ninki biyu na biya ban yi asara ba.

Wani abin da na ƙaru da shi bai shafi kyawun hoto ba. Tana da 'yar fitila a gaba, kuma tana iya ɗaukar abu daga tazarar santimita 1. Kafin in zura hannu a kogon kuka ko ƙarƙashin dutse, sai in zura kyamarar da igiyarta a wuyan hannuna in ɗauka in duba. A wani kogo ta nuna mini kunama kwance a kan murfin robar da muke nema. Haka idan gara ko danshi sun ci takardar da ke ɗauke da lambobin GPS na wurin da za mu nufa gaba, da ita muke ƙara girman rubutun mu karanta. Waya ma za ta gwada, amma wa zai zura wayarsa guda, wadda asusun bankinsa ke ciki, a ramin da bai san abin da ke ciki ba?

To, sai maganar batir. Wanda ya sayar mini, ba zan kama sunansa ba, ya rantse mini cewa batir biyun da ya haɗo na asali ne, har ya ƙara kuɗi a kan na biyun. Batirin kirki na wannan kyamara ya kamata ya kai hoto wajen 340 a caji guda. Ranar da muka shirya fita Daura na kwana ina caji. Mun shiga mota a Katsina, na kunna maɓallin da ke rubuta hanyar da aka bi, muka isa, muka yi zagayen farko a bayan gari, batir na farko ya mutu. Na saka na biyu. Muka nufi Rijiyar Kusugu, domin abokanmu na Daura sun shirya tambayar ƙarshe a kan rijiyar da tarihin Bayajidda, kuma sharaɗin shi ne kowa ya kawo hotonsa a wurin. Ina ɗaga kyamara alamar batir ta yi ja, ta ɗauke. Da wayar wani aka ɗauke ni, hoton duk ya yi duhu. Da na dawo gida na zare batirin da ƙyar, ya kumbura, rubutun jikinsa yana gogewa da yatsa. Jabu ne, su biyun. Na kira mutumin, ya ce wai zafin Katsina ne. Zafin Katsina bai kashe batirin wayata ba, bai kashe na tocila ba, sai nasa?

Tun daga nan na soma kallon kyamarar da wani ido, na ga abubuwan da murnar Ajiwa ta rufe mini. GPS ɗin da ke cikinta, wanda na ƙara kuɗi dominsa, ba ya kai mutum wurin ajiya. Aikinsa ya manna wa hoto lambobin inda aka ɗauka, ya kuma rubuta sawunka. Nema dai sai da waya. In ka bar shi a kunne yana shan caji ko da kyamarar a kashe take, a garin da wuta sai an ga dama. Kuma a kiyaye, hoton da ke ɗauke da lambobi yana tona asirin maɓoya. WhatsApp na goge su idan an tura a matsayin hoto, amma in aka tura a matsayin fayil suna nan daram, duk wanda ya buɗe ya gama wasan daga ɗakinsa.

Ba ta da tagar leƙe, allo kawai, kuma da tsakar ranar bazara da ƙiyasi ake saita hoto. Janyowarta ninki 4 ne, ya isa ka ɗauki Hasumiyar Gobarau daga ƙasa, amma tsuntsun da ke can saman gawo sai dai ɗigo. Bayan magariba hotonta ba ya wuce na waya mai matsakaicin kuɗi, domin na'urar ɗaukar haskenta ƙarama ce. Wanda burinsa hoton hawan Sallah ko na biki, ya nemi wata. Wayar cajinta ma tsohon baki ce, sai TG-7 da ta fito a 2023 ce ta koma irin bakin wayoyin yanzu.

Duk da haka ita ce a aljihuna duk fitar da za mu yi, musamman idan da yara, don ba na fargabar miƙa musu ita. Na yi odar batir na asali ta hannun wani ɗan'uwa da ke Kano, GPS ɗin kuma sai zan ɗauki hoton da nake son lambobinsa nake kunnawa. Wanda zai sayi ta hannu ya duba robar da ke zagaye da murafan, kar ta kasance ta tsage ko ta bushe, ya kuma tsaya a shagon ya yi ta ɗaukar bidiyo ya ga yadda batirin ke sauka kafin ya tura kuɗi. Shi kuwa mutumin nan har yau bai mayar mini da kuɗin batirin na biyu ba, kuma ya daina ɗaukar wayata.